Uwata, Dakata da Sa Hannu

Dogo-Dogo,
daren Asabar.

Zuwa ga uwata, takwarar Inna,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗaliban lakwal da kike fama da su. Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. An gama yankan gero ana ta ɗaurin dami, wake ne dai bana bai yi abin a zo a gani ba.

Hotunan takardar da mutanen Kano suka aiko miki sun shigo wayata, bayan rezo ya gama ja mini rai. Da yake Ingilishina na ciniki ne, bai wuce na kasuwar Maigatari ba, sai na kira wani malamin kwaleji da ya yi karatu a Najeriya, ya karanta mini ita layi bayan layi, yana juya mini da Hausa. Kin ce in ba ki amsa ta waya. Na ƙi, domin ina so ki sami abin da za ki shimfiɗa gaban maigidanki ku duba tare, ku sake dubawa.

Amsata a taƙaice ita ce kada ki sa hannu a kanta yadda take ɗin nan. Ban ce ki kore su ba, ban kuma ce macuta ne ba. Takardar dai mai saye ne ya rubuta ta, ya kuma rubuta ta yadda za ta yi masa daɗi, kamar yadda kowane mai saye zai yi in an bar masa alƙalami shi kaɗai.

Na san abin da ke ranki. Kin daɗe kina rubutun nan cikin dare bayan kin gama gyaran takardun yara, yau ga kamfani daga Kano ya ce zai buga, zai sa a manhajarsa ta waya, zai kuma ba ki kuɗi a dunƙule. Wa zai ƙi? Littafin kuma ya cancanta. Babin nan da matan garinmu ke tsallaka iyaka da buhuna a amalanke cikin duhu, lokacin da Najeriya ta rufe boda a 2019, na karanta shi ina jin ƙarar ƙafafun amalanken a yashi. Kyansa ne ma ya sa nake tsaya miki a kai.

Ke ɗiyar manoma ce, bari in bi da ke ta hanyar da kika sani. Mai gona a nan yana iya ba da aronta, yana iya ba da ita haya, yana iya jinginar da ita, yana iya sayarwa. Tun da aka yi dokar karkara ta 1993 aka zo da kwamitocin filaye da muke kira kofo, kowane ɗaya da irin takardarsa, mai gari da shaidu su sa hannu. Babu mai hankalin da zai zo ba da aron gona na damina biyu ya yarda a cika masa takardar sayarwa, wai don mai karɓa ya ce ai duk ɗaya ne, mu ƴan uwa ne. Wanda aka ba aro ma ba ya sare gawon da ya tarar a ciki. To, abin da aka aiko miki takardar sayarwa ce, an rubuta yarjejeniyar bugawa a samanta. Sakin layi na uku ya ce kin miƙa musu dukkan haƙƙin littafin, a kowane harshe, a kowace ƙasa, ta kowace siga da aka sani yau da wadda za a ƙirƙiro gobe, har ƙarshen wa'adin da doka ta ba littafin. Wa'adin kuwa ba ɗan kaɗan ba ne. A dokar Najeriya, wadda takardar ta ce ita za ta yi hukunci tsakaninku, haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ki lissafa. Jikokin ƴar da kike goyo ma sai sun tarar da sa hannunki yana aiki a kansu.

Haƙƙin nan ba kamfani ke ba marubuci shi ba, ba kuma sai an buga littafi yake samuwa ba. Ranar da kika rubuta shi ya zama naki. Haka yarjejeniyar Berne ta shimfiɗa, wadda aka fara ƙullawa a 1886, Nijar da Najeriya kuma duk suna cikinta, shi ya sa littafin ƴar Nijar yake da kariya a Kano daidai da na ƴar Kano. Mu nan muna da dokarmu ta watan Disamba 2010 kan haƙƙin mawallafa, muna da ofishin BNDA a Yamai mai kula da sha'anin, muna kuma cikin ƙungiyar OAPI ta yarjejeniyar Bangui ta 1977. Su can Najeriya sun sabunta tasu dokar, aka sa mata hannu a watan Maris 2023. Amma duk wannan tulin dokoki suna tsare miki abin da ke hannunki ne. Ranar da kika miƙa shi da sa hannunki, sai su koma tsare wa wanda kika miƙa wa.

Kada kuma wani ya kawo miki zancen cewa tsayawa kan irin wannan son duniya ne, ko rashin kunya ne mace ta tsaya ciniki da maza. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa dukiya ce da shari'a ke karewa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. A zaure kuma an karantar da mu a Risala cewa ba a cinikin abin da ba a san iyakarsa ba. Ki kai wa limamin unguwarku maganar sayar da siga da ba a ƙirƙiro ba tukuna, ki ji abin da zai ce.

Haƙƙin littafi ba dunƙule ɗaya ba ne. Bugawa a takarda daban, sayarwa a waya daban, karantawa a rediyo ko a YouTube daban, fassara daban, mayar da shi fim daban. Kowanne ana iya ba da shi shi kaɗai, ga mutum daban, na shekaru ƙidayayyu, a ƙasa ƙayyadadda. Su mutanen nan abu biyu suka ce za su yi, bugawa da sawa a manhaja. To me ya kawo fim da fassara cikin takardar? Sun san abin da suke yi. Ranar sa hannu babu wanda ya san ta ina arzikin littafi zai ɓullo, wanda ya kwashe duka shi ne ba zai yi asara ba ko ta ina ya ɓullo.

Ki tuna Mamani Abdoulaye, mutumin Damagaram, ɗan jam'iyyar Sawaba. Littafinsa Sarraounia ya fito a Paris a 1980. Bayan shekara shida Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim, aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mutane da yawa a duniya ta wannan fim suka fara jin sunan Sarauniya Mangu ta Lugu. Ki dubi kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a Kano a 1990, cikin irin littattafan da wasu malaman jami'a ke yi wa kallon na kasuwa. A 2012 sai ga wani gidan ɗab'i mai suna Blaft, a birnin Chennai na Indiya, ya fitar da shi da Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal. Shekara 22 tsakani. Mu da muka saba daga Indiya ake kawo mana finafinai, wa ya taɓa tsammanin daga can za a zo neman labarin Hausa? Ranar da irin wannan baƙo ya yi sallama, wanda haƙƙin ke hannunsa a rubuce shi ake nema, ko shi ya rubuta littafin ko bai taɓa buɗe shi ba.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai wani mawaƙin Zulu ne, Solomon Linda. A 1939 ya rera wata waƙa mai suna Mbube a Johannesburg, kamfanin faifai ya ba shi abin da aka ce sule goma ne. Waƙar ta ƙetara Amurka, aka sauya mata baiti da suna, ta yi ta haihuwar kuɗi, har ta shiga fim ɗin Disney na zaki a 1994. Shi kuwa ya rasu a 1962 hannu babu komai. Sai a 2006 ƴaƴansa mata suka sami sulhu aka fara ba su wani abu, shi ma don lauyoyi sun tono wata tsohuwar dokar Ingila ta 1911 da ta ce haƙƙi yana komawa ga magada shekara 25 bayan rasuwar mai shi. Ba kowa ke dacewa da irin wannan tsohuwar doka ba. Sule goman nan kuma, ranar da aka ba shi, na tabbata kuɗi ne a idonsa.

Akwai abin da ya fi fim kusa da ke, shi ne ma ya fi damuna. A watan Maris 2025 kundin da hukumomin Yamai suka fitar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. In aka bi maganar da aiki, lakwal-lakwal za su buƙaci littattafan karatu na Hausa, kuma na Hausar da yaranmu ke ji, masu labarin garuruwansu. Irin waɗannan littattafai ba su da yawa a ƙasar nan, ke shaida ce. Kuɗin littafi kuwa a ƙasashenmu a makaranta yake. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa a 1937, har yau kamfanin NNPC na Zariya na buga shi, domin kowace shekara akwai sababbin ɗalibai da za a ce su saya. In kika sa hannu a takardar nan, gobe wani gidan buga littattafai irin Gashingo na Yamai ya so fitar da bugun makaranta na littafinki, ba ke za a nema ba. Sai an je Kano neman izinin koyar da yaran yankinmu na Dungas labarin iyayensu mata. Saboda haka ko me za ki bari, ki riƙe Nijar. Ki ba su Najeriya, can suke da kasuwa da ƴan sari, nan kuwa babu abin da za su iya yi miki da ba za ki iya yi da kanki ba.

Sai maganar kuɗi. Sakin layi na biyar ya ce bayan kuɗin dunƙulen za a riƙa ba ki kashi 30 cikin 100 na ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiya. Na san adadin ya burge ki, don kin ji ana cewa abin da gidajen ɗab'i suka saba bayarwa bai cika wuce kashi 10 ba. Amma kashi 10 ɗin nan na kuɗin da aka rubuta a bayan littafi ne. A ce ana sayar da shi naira 2,000, kowane kwafi kina da 200, in an sayar da kwafi 1,000 kina da 200,000. Ɗan ajinki ma zai lissafa miki. Riba bayan ɗawainiya fa? Takarda ɗawainiya ce, tawada ɗawainiya ce, man janareta, kuɗin mota, talla a rediyo, albashin yaron shago, hayar ofis, duk ɗawainiya ce, kuma mai cirewa shi ne mai lissafi, shi ne mai ajiye littafin lissafin. Ba sai ya yi ƙarya ba ma zai iya nuna miki cewa riba ba ta fito ba. Kashi 30 na babu, babu ne. Ki ce a mayar da shi kan kuɗin bayan littafi, ko da adadin zai sauka ƙasa sosai. Ki kuma sa a fayyace kuɗin dunƙulen: kafin alƙalami ne da za a cire daga kasonki, ko ladan sa hannu ne da ba a cirewa? Takardar ta yi shiru, shirun kuma ba ke zai amfana ba. Haka ba ta faɗi kwafi nawa za a buga ba, ba ta faɗi yaushe za a riƙa kawo miki lissafi ba. Ki nemi a rubuta adadin bugun farko, a rubuta cewa ba za a sake bugu ba sai an sanar da ke, a kuma riƙa aiko miki lissafi kowane wata shida, na takarda da na manhaja.

Lokacin da nake zuwa Kano sayo wa lakwal ɗinmu littattafai, na taɓa zama a wani shago wajen Bata, bakin kasuwar Sabon Gari. Wata marubuciya na zaune kan benci da jakarta a cinya, ta zo karɓar kuɗinta. A gabanta ƴan sari ke ɗibar kashi na biyu na littafinta, ana ɗaure musu da igiyar leda. Sai da jama'a suka ragu mai shagon ya jawo wani dogon littafin lissafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗe shafi, sannan ya ɗago ya ce, Hajiya, kasuwa ba ta motsi. Ya ƙirgo mata abin da bai fi kuɗin mota ba, ya ce ta leƙo bayan sati biyu. Ta yi godiya ta tafi. Ba lallai ɓarawo ne ba, shi ma yana bin ƴan sarin Gusau da Maraɗi da Damagaram bashi. Amma tsakaninsa da ita babu takarda ko ɗaya, sai amana da kunya, kuma kunyar ita kaɗai ke jin ta. Don haka kada ki ɗauka ina ƙin takarda ne. Mutanen nan da suka aiko miki rubutacciya sun fi mai shagon can. Gyara take so.

Wani abin da ɗan Kano ba zai tuna miki ba, don shi bai shafe shi ba: da wane kuɗi za a biya ki, ta wace hanya? Mu nan da naira muke cefane, mun ga abin da ya same ta. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya naira 460 da ƴan kai ce a farashin gwamnati, a watan Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Ke kuwa albashinki da hayar gidanki da kuɗin likita duk da sefa ne. In an rubuta miki tsayayyen adadin naira da za a biya shekaru masu zuwa, kina iya zuwa wajen ƴan canji ki dawo da ƴan jikkunan da ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Wannan ma wani dalili ne na kafa kasonki kan farashin littafi, don in naira ta faɗi farashin zai hau, naki ya hau tare da shi. Sannan ba ki da asusun banki a Najeriya. Na san abin da za a ce, a riƙa turawa ta asusun wani ɗan uwa a Gumel ko Kano. Kada ki yarda sunan kowa ya shiga takardar a madadinki, ko ɗan uwa ko maigida, ba don zargi ba, don dukiyarki ce, gobe kuma gadon ƴaƴanki ce. A rubuta hanyar biya ƙarara. Boda ta rufe a 2019, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, don haka a rubuta har da abin da za a yi in hanya ta toshe.

Takardar ba ta sa musu ranar fitar da littafin ba. Amos Tutuola na ƙasar Yarbawa ya aika littafinsa na farko wani kamfani a Landan a 1948, suka saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suka ajiye a aljihun tebur. Sai a 1982 ya ga hasken rana. Ki sa a rubuta cewa in shekara ɗaya ta wuce ba su buga ba, ko bugu ya ƙare suka ƙi sakewa, ko kamfanin ya rufe, komai ya dawo hannunki ba tare da kin biya ko dala ba. Manhaja ma tana mutuwa. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a watan Nuwamba 2023 bayan shekara goma tana aiki. Ni a ganina duk yarjejeniyar kada ta wuce shekara biyar, in an ji daɗin juna a sabunta. Sakin layin da ya ce littattafanki uku masu zuwa nasu ne bisa waɗannan sharuɗɗa kuwa, a soke shi baki ɗaya. Iyakar abin da za ki yi musu shi ne alkawarin su za ki fara nuna wa.

Sakin layi na bakwai ya ba su damar gyarawa, ragewa, ƙarawa da sauya wa littafin suna yadda suka ga dama. A nan doka na bayanki, ta Nijar da ta Najeriya duka: sunanki a kan aikinki, da hana a yi masa gyaran da zai ɓata shi, haƙƙi ne da ba ya shiga ciniki. Amma da a je kotu gara a rubuta tun yanzu cewa ba za a kai wa injin bugu ba sai kin ga gyaran ƙarshe kin amince. Na san abin da editan Kano zai yi da kyakkyawar niyya. Zai bi lakwal da jika da tiya da duwan ya share, ya daidaita kowace jimla, matan Dogo-Dogo su wayi gari suna magana kamar ƴan Fagge. Gyaran ƙa'idar rubutu ki karɓa da godiya. Bakin mutanenki kuwa kada a taɓa, shi ne rabin littafin. Ki kuma tambaya ko suna da niyyar yanka shi kashi uku kamar yadda aka saba a kasuwar can, don mai karatu ya saya sau uku.

Ke ma akwai abin da ke kanki. Takardar ta sa ki lamunce cewa duk abin da ke cikin littafin naki ne, in an yi ƙara ke za ki ɗauka. Waƙoƙin daka da na niƙa da kika ji a bakin Inna kika sa a ciki ba naki ba ne, ba na Inna ba ne ma, na jama'a ne, dokarmu ta 2010 kuma ta ware wa irin wannan gadon al'ada babi nasa. A rubuta cewa ba sa cikin abin da kika bayar. Matan babin boda kuma, na gane biyu daga cikinsu duk da kin sauya musu suna, wanda ya fi ni sa ido zai gane fiye da haka. Abin da suka yi a idon duwan, wato ƴan kwastan, laifi ne. Ki ƙara ɓad da kamanninsu. Batun hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano kuwa, su ke zaune can, a rubuta cewa su za su ji da ita da kuɗinsu.

Ki kula da bakinki a waya kafin a gama. A dokar Najeriya, sayar da haƙƙi ko ba mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce, amma izini na yau da kullum ana iya bayar da shi da baki, ana ma iya fahimtarsa daga halin mutum. Saƙon murya ɗaya da za ki ce ba komai, ku ci gaba, yana iya zama hujja. Kada ki tura musu cikakken littafin, babi ukun da suka gani sun isa. Babukan da kika riga kika sa a zauren WhatsApp na ƙawayenki kuma ki gaya musu tun yanzu, kada daga baya a ce kin ɓoye.

Wataƙila maigidanki zai ce to a juya shi da Faransanci a kai Paris mana. Can ma sai an buɗe ido. A 1999 wata kotu a Paris ta haramta kwantaragin wani sanannen gidan ɗab'i da marubutan Afirka da yawa ke bi ta wajensa, saboda ya tanadi cewa marubuci ba shi da ko sisi a kan kwafi 1,000 na farko, alhali littattafai da yawa ba sa kai wannan adadi. Wasu kuma su ce ke za ki biya kuɗin bugu, ko ki sayi kwafi kaza, sannan su riƙe haƙƙin. Wanda kika biya ya buga miki ɗan kwangila ne, in ya gama aikinsa ya karɓi ladansa, ba shi da komai a littafin.

Ga abin da za ki yi. Ki buga cikakken littafin a takarda, ki sa hannu da kwanan wata, ki nemi yadda za ki ajiye kwafi a BNDA don ya zama shaida. Ki rubuta wa mutanen Kano cikin ladabi, ki gode musu, ki ce kina son aiki da su, sannan ki jera gyare-gyaren nan. Ki nemi a yi takardar da Hausa, ko a haɗa ta da fassarar da ku duka za ku sa wa hannu. Kamfanin da ke cin abinci da Hausa bai kamata ya gaza rubuta shafi huɗu da ita ba. Ki tambaye su sunan marubuta biyu da suka yi aiki da su, ki kira su ki ji. Marubutan Kano suna da ƙungiyoyi, akwai reshen ANA, akwai na mata zalla, ba sa rowar shawara. Kafin ki sa hannu a gyararriyar kuma, ki biya lauya a Damagaram ya duba, ya kuma dubi sharaɗin nan na cewa kotun Kano kaɗai za ta saurari rigima, ko za a sa sulhu a gabanta.

In sun ce yau ko gobe, in ba haka ba sun fasa, ki bar su su fasa. Wanda ke son littafin da gaske zai jira wata ɗaya. In ma sun tafi, hanya ba ta ƙare ba. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyarsu ta Raina Kama ba su jira wani kamfani ba lokacin da manyan gidajen ɗab'i suka juya wa sababbin marubuta baya. Da kuɗinsu suka buga, suka bi kasuwa da kansu, In Da So Da Ƙauna ya shiga gidaje har nan ƙasar. Da wahala, ba na ɓoye miki, kin ji labarin mai benci. Amma bugun gwaji na ƴan ɗaruruwa ba zai gagare mu ba, ina da ɗan bijimin da nake turke, na kuma yi magana da babanki ya ce zai taimaka.

Duk amsar da suka ba ki, ki aiko mini kafin ki ce musu uffan. Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki ce ina neman afuwar tsoma baki a sha'anin gidansa, shi ya auri marubuciya. Ki shafa mini kan yara. Matan gida duk suna gaishe ki, suna tambaya ko za ki samu zuwa bikin ƙanwarki bayan an gama kai amfani gida.

Wassalam.

Kawunki.